Ido a Ƙofar Inna

A unguwa Mai Ido ake kiransa, ba don idanunsa sun fi na kowa ba. Hasali ma ƙanana ne, kuma tun da furfura ta fara leƙo masa sai da tabarau yake karanta lambar waya. Daga sana'arsa ya samo sunan. Shi ne yake kafa wa mutane 'yan akwatunan nan baƙaƙe da ake gani a kan katanga ko a bakin get, biyu suna fuskantar juna, waɗanda in mutum ya gifta tsakaninsu jiniya take ɗauka. Masu gidaje ba su san sunan abin ba, ba su kuma damu su sani ba. Ido suke ce masa, shi kuwa mai kafawa ya zama Mai Ido, har yaran unguwa suka taso ba su san yana da wani suna ba.

Shagonsa ɗan tsukukun wuri ne tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da fenti. Ciki akwai teburi mai ƙafa ɗaya gajera da aka tokare da kwali, da naɗe-naɗen waya a jikin ƙusa, da tsani a jingine, da kujera guda ta baƙo. Duk wanda ya zauna a kujerar nan sai ya sha karatu, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Mai Ido mutum ne marar yawan magana a kan komai, amma in aka taɓo aikinsa, to, sai dai ka nemi uzuri ka gudu.

Yakan ɗauko rimot ɗin talabijin, ya ce wa baƙo ya danna ya kalli bakinsa. Baƙo ya ce bai ga komai ba. Sai ya buɗe kyamarar wayarsa, ya kara ta a gaban rimot ɗin, ya ce a sake dannawa. Nan baƙo zai ga ɗan ɗigon haske yana ƙyalƙyalawa a fuskar wayar.

"To, ka gani," in ji shi, "haske ne sosai, idon ɗan Adam ne bai kai ya gan shi ba. Wannan akwatin yana aika irinsa, wancan yana karɓa. Kamar igiya ce aka ɗaure daga nan zuwa can. Muddin hasken yana isa, shiru kake ji. Da zarar wani abu ya tare shi, mai karɓa zai ga saƙo ya daina zuwa, sai ya tada jiniya. Shi bai san ɓarawo ba, bai san mai gida ba. Abin da ya sani kawai an tare masa haske."

In baƙo ya ce ai rana ma haske ce, me zai hana ta ruɗa shi, sai fuskar Mai Ido ta washe, don ya samu ɗalibi. Ya ce hasken mai aikawa ba a sake yake zuwa ba, ƙyafta-ƙyafta yake yi da wani irin sauri da tsari nasa, kuma wannan tsarin kaɗai mai karɓa yake saurare. Daga nan ya shiga lissafa abokan gabar aikin: saƙar gizo a bakin gilashi, reshen bishiya da iska ke kaɗawa, shanyar da aka manta a igiya, hazo mai kauri, tsuntsu, da uwa-uba kyanwa. Ya ce a duk shekarun da ya yi yana wannan aiki, kyanwa ta fi ɓarawo tashin masu kuɗi daga barci.

Abin da ya bambanta shi da sauran masu sana'ar shi ne zama. In aka kira shi aiki, ranar farko ba ya huda bango ko ɗaya. Sai ya nemi inuwa a tsakar gidan, ya roƙi kofin shayi, ya zauna yana kallo. Masu gida da yawa sun zaci lalaci ne. Wata matar ma ta taɓa tambayarsa ko ya zo hutu ne. Shi kuwa yana lura da ta inda mai aiki take bi da bokiti, da inda yara suke buga ƙwallo, da lokacin da rana take dukan bangon yamma, da ramin da karen maƙwabta yake shigowa. Sai ya ga yadda gida yake motsi sannan yake sanin inda zai kafa ido. In ya gama kafawa kuma, sai ya sa duk mutanen gidan su wuce ɗaya bayan ɗaya, babba da yaro, shi kansa ya wuce da gudu, ya wuce da sanɗa, ya wuce da rarrafe, wandonsa duk ƙasa. Yakan ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Shi ya sa ba a cika kiransa gyara ba, sai dai a kira shi sabon aiki.

A gida kuwa ba Mai Ido ba ne, Auta ne. Haka mahaifiyarsa take kiransa, haka yayarsa take kiransa, ga shi da gemu fari-fari. Su biyu Inna ta haifa suka rayu, Yaya da shi. Yaya tana aure a wani gidan bene can ɗaya gefen gari, a hawa na sama. Shi ya zauna a gidan da aka haife shi, da matarsa da Inna, yaransu kuma duk sun tafi makaranta da aure.

Inna a zamaninta tela ce, kuma doguwar mace ce ta gaske, har maƙwabta suna kiranta Doguwa a gaban idonta, ita kuma tana amsawa. Ita ake kira ta sauko da kaya daga saman durowa. Ita take sauya ƙwan lantarki ba tare da ta taka kujera ba. Igiyar shanyar da ta ɗaure a tsakar gida har yau sai matar Auta ta yi ɗage kafin ta kai. Yana yaro, in Inna ta tsaya a bakin ƙofar waje tana jiran dawowarsu, kafaɗarta daidai take da sakatar sama. Wannan hoton ya zauna masa a kai, bai taɓa gogewa ba.

Tsufa kuwa ba ya sallama. Da farko mantuwa ce 'yar ƙarama, ta ajiye carbi ta neme shi, ta tambayi abu sau biyu. Sannan ta fara kiran matar Auta da sunan wata ƙawarta da ta daɗe da rasuwa. Sannan fita ta zo. Da hantsi sai ta ɗauki ɗan ƙyalle a hannu, ta ce za ta je sayo zare. Keken ɗinkinta ya yi shekaru a rufe da zane, mai sayar da zaren ma ya daɗe da barin duniya, shagonsa ya koma na sayar da wayoyi. Matsalar ita ce shagon yana tsallaken babban titi, inda motoci ba sa ɗaga wa kowa ƙafa.

Ranar da ta fara sulalewa, mai facin da ke kan kwana ne ya hango ta a bakin kwalta, ƙafa ɗaya ta riga ta sauka. Ya jefar da tayar da yake riƙe da ita, ya je ya riƙo hannunta, ya rako ta gida yana yi mata hira. Da yamma Yaya ta iso, ta ajiye sabon kwaɗo a kan teburi. Aka gwada shi kwana biyu. A rana ta biyu Auta ya dawo daga aiki ya tarar da Inna zaune a ƙasa, ta jingina da ƙofa, tana hawaye ba sauti. Ta ɗago ta ce masa, "Auta, me na yi aka kulle ni a gidana?" Ya cire kwaɗon, ya kai wa Yaya abinta har gida.

"To, sai ka kawo mini ita," in ji Yaya. "A nan ba inda za ta. Matakala kaɗai ta ishe ta."

"Yaya, ai shi ma kwaɗo ne, sai dai ba a ganin ƙarfen. A gidan nan ta san inda randa take, ta san inda rana take faɗuwa. In kika ɗauke ta daga nan, abin da ya rage mata ma zai tafi."

"In mota ta ɗauke ta fa?"

"Ki ba ni dama in sa ido. Duk wanda ya nufi ƙofa, ƙararrawa za ta buga a kicin. Ba kulle, ba tsawa. A ji, a fito, a tare ta da lalama."

Yaya mace ce mai kaifin baki amma ba ta da mugun ciki, kuma ita ma tsoro ne yake cin ta. Ta ce ta yarda, amma da sharaɗi: in Inna ta sake fita ba a ji ba, ko sau ɗaya ne, za ta zo da mota ta ɗauke ta, kuma kada ya buɗe baki. Ya ce ya ji, ya kuma ɗauki alkawari.

Washegari ya zo da kayan aiki mafi kyau da ke shagonsa. Tsakanin tsakar gida da ƙofar waje akwai wata siririyar baranda, nan ya zaɓa. Gidan yana da kyanwa, maƙwabcinsu kuma yana da tantabaru da suke ratsa barandar kamar ta gadonsu ce. Don haka ya yi dabarar da ya saba: ya kafa ido biyu, ɗaya ƙasa daidai ƙwauri, ɗaya sama, ya haɗa su yadda ƙararrawa ba za ta buga ba sai an tare duka biyun a lokaci guda. Kyanwa za ta tare na ƙasa kawai, tantabara ta tare na sama kawai, mutum ne zai tare duka. Da ya zo zaɓen tsayin na sama, bai ɗauko tef ɗin awo ba. Ya kalli sakatar ƙofa, ya sa alama daidai da ita, ya huda. A maimakon jiniya ya sa ƙararrawa mai laushin murya, don kada Inna ta firgita.

Bai zauna ya sha shayi ba. Me zai kalla a gidan da ya yi rarrafe a cikinsa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya gwada da kansa, ta buga. Matarsa ta wuce, ta buga. Ya kora kyanwa ta bi, shiru. Inna ce kaɗai bai sa ta wuce ba, don kunya ta hana shi. Bai so ta gane cewa saboda ita aka yi.

Ta dai hango shi daga bakin ɗakinta, inda take zaune a kujera. "Auta, mene ne kuma kake huda mini bango?"

"Na ɓarayi ne, Inna."

"Me muke da shi da za a sata? Ko kyanwar?"

Matarsa ta yi dariya daga kicin, shi ma ya yi, aka bar maganar.

Makonni suka wuce lafiya. Sanyi ya sa ƙafafun Inna ciwo, ba ta ko tako tsakar gida sosai, sai kowa ya ɗauka ido ne yake aiki. Ƙararrawa tana bugawa in mai ruwa ya shigo, tana bugawa in maƙwabciya ta zo aron turmi. Matarsa ta saba, da ta ji sai ta leƙo. Har Mai Ido ya fara ba da labarin a shago, yana cewa ya yi shekaru yana hana mutane shiga, yanzu ga shi yana tsaron mai fita.

Wata rana da hantsi, rana ta fito da ɗumi, yana saman tsani a gidan wani likita, wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce. Ta ce ta kai wa Inna abinci ta tarar ɗakin ba kowa, takalmanta babu, ƙofar waje a buɗe. Ta rantse ba ta bar kicin ba, kuma ba ta ji komai ba.

Bai san yadda ya sauko ba. Ya bar tsani, ya bar jaka, ya hau babur. Mai faci ya ce bai gan ta ba, yana ƙarƙashin mota lokacin. Mai Ido ya tsaya a bakin babban titi yana kallon motoci suna wucewa, yana duba kwalta yana kuma tsoron abin da zai gani. Ba taron mutane, ba motar da ta tsaya. Ya tsallaka.

A shagon wayoyi ya same ta. Yarinyar da ke tsaron shagon ta zaunar da ita a kan benci, ta ba ta ruwa. Inna tana riƙe da ɗan shuɗin ƙyalle, tana yi wa yarinyar bayani cikin haƙuri cewa ba wannan shuɗin take so ba, mai ɗan duhu. Yarinyar kuma tana cewa to, Mama, za a duba. Ba wanda ya san yadda ta ratsa titin. Da ta gan shi ta ce, "Auta, ka zo? Sun ce zaren ya ƙare." Ya durƙusa ya gyara mata takalmin da ya karkace, don kada ta ga fuskarsa.

Shi da kansa ya bugo wa Yaya. Zai iya ɓoyewa, matarsa ma ta kalle shi kamar za ta ce a yi shiru, amma alkawari kaya ne. Yaya ba ta yi faɗa ba. Ta ce tana zuwa bayan la'asar, a haɗa kayan Inna.

Kafin ta iso, ya zauna a barandar yana binciken na'urarsa. Ya auna wuta da mita, daidai. Ya duba batir, cike. Ya goge gilashi, ba ko ƙura. Ya duba ko iska ta karkatar da akwati, yana nan a saitinsa. Ya bi waya taƙi-taƙi har kicin. Ya wuce, ta buga. Ya sake wucewa, ta buga. Da ya sami laifi da ya ji sanyi, don abin da ya lalace ana gyara shi. Amma komai lafiya, kuma wannan ne ya fi tayar masa da hankali.

Yaya ta shigo, ƙararrawa ta buga. Ta tsaya ta kalli akwatunan, ta kalle shi zaune a ƙasa cikin sukurudireba da guntayen waya.

"Ni dai ta sanar da zuwana," in ji ta. "Sannu da aiki."

"Yaya, wallahi ban ga abin da ya same ta ba."

"Ba sai ka gani ba, Auta. Mota tana waje."

Matarsa ta fito da jaka, idonta ja. Suka tsaya su uku a tsakar gida, ba mai son ya fara shiga ɗakin. Suna nan tsaye sai labule ya motsa, Inna ta fito da kanta. Ta farka daga barci, ta ɗaura ɗankwali, ƙyallen nan yana hannunta. Ba ta kula da su ba. Ta dafa bango, ta nufi baranda a hankali, tana magana ita kaɗai cewa bari ta duba wani shagon. Yaya ta yunƙura za ta tare ta, Mai Ido ya ɗaga hannu ya ce ta dakata.

Ya tsaya yana kallon bayanta. Ƙafafunta suka ratsa idon ƙasa, ɗan jan hasken da ke jikin akwatin ya kama, alamar an tare shi. Ya ɗaga ido ya kalli na sama. Inna ta wuce ta ƙarƙashinsa, bayanta a ranƙwashe, kanta a sunkuye, ƙullin ɗankwalinta ma bai kai akwatin ba, da sauran tazarar tafin hannu. Kicin shiru. Da ta isa ƙofa, sai ta miƙa hannu sama tana laluben sakatar da kafaɗarta take taɓawa a da.

Na'ura ba ta yi kuskure ba. Abin da aka gaya mata ta yi: duk abin da ya tare ƙasa bai tare sama ba, ba mutum ba ne, a bar shi ya wuce. Shi ne ya kafa ta a kan tsayin matar da ke cikin kansa. Nan ya tuna cewa kullum da safe a durƙushe yake gaishe ta, tana zaune a kujera ko a bakin gado, yana ɗaga kai ya kalle ta. Da yamma ma haka. Ko ɗazu a shagon wayoyi, da ya riƙo ta suka tsallako, motoci yake kallo. Ya yi shekaru bai tsaya kusa da ita ya duba inda kanta yake kai masa ba. Baƙin ciki ya kama shi, da kunya, da tausayi. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

Yaya ma ta gani. Ta je ta riƙo Inna, ta juyo da ita da daɗin baki, ta zaunar da ita a kan kujera. Sannan ta dawo wurinsa, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ni da nake zuwa jefi-jefi, duk zuwa sai na ga ta ragu. Kai da kake kwana da ita ba ka gani ba."

"Ban gani ba, Yaya."

"Gidajen mutane kana yini kana shan shayi. Naku fa?"

"Na ɗauka na san shi." Ya share fuska da hannun riga. "Ki tafi da ita. Na ɗauki alkawari."

Yaya ta kalli jakar da ke ƙasa, ta kalli Inna da ta sa hannu tana shafa kyanwa ba tare da ta duba ba, don ta san inda kyanwar take kwanciya. Ta kalli igiyar shanya. Ta yi ajiyar zuciya mai tsawo.

"Da a ce abin nan ne ya lalace, da yanzu muna hanya," in ji ta. "Ba zan jingina ran uwata da abin da yake aiki yau ya ƙi gobe ba. Amma kai ne ka lalace, kuma ga shi na ga an gyara ka. Ina tef ɗin Inna?"

Matarsa ta ruga ta ɗauko shi daga aljihun keken ɗinki, tsohon tef mai ruwan ɗorawa da lambobinsa suka fara gogewa. Suka tayar da Inna, suka kawo ta jikin bangon baranda. Da ta ga tef a hannun Auta, wani abu ya dawo mata a fuska.

"Ba haka ake riƙewa ba," ta ce. "Danne bakin da babban yatsa. Riga za a ɗinka mini?"

"Awo dai za mu ɗauka, Inna."

Ta yi ƙoƙarin miƙewa kamar yadda take sa masu kawo ɗinki su yi, ta ɗaga haɓa, bayan ya ɗan saki kaɗan sannan ya ƙi.

"Kada ki miƙe, Inna. Tsaya yadda kike tafiya."

"Ka ji yaro. Wa ya taɓa awo a sunkuye?"

Yaya ta juya baya tana gyara mayafi. Shi kuwa ya sa alli ya yi alama a bango daidai kafaɗarta, ya sake yin wata ƙasa da ita kaɗan, a nan ya huda. Da ya gama, ya ce, "Inna, ɗan taka ki je ƙofa." Ta taka. Ƙararrawa ta buga a kicin, a hankali, sau biyu. Inna ta tsaya ta ce, "An yi baƙi." Yaya ta fita ta sallami mai mota.

Sharaɗin da ta gindaya kafin ta tafi shi ne ya rufe shago gobe, ya zauna a gidansu kamar yadda yake zama a gidan baƙi. Ya zauna. Matarsa ta kawo masa shayi tana tsokanarsa, wai yau sun samu babban ma'aikaci, Allah ya sa su iya biya. A yinin nan ya ga abubuwan da bai sani ba. Ya ga Inna tana dafa bango a wuri ɗaya har fenti ya yi duhu a nan. Ya ga akwai ɗan tudu a bakin ɗakinta da take jin tsoron takawa. Ya ga ba ta neman fita sai rana ta kai gindin sandar shanya, lokacin da a da take gama yankan yadi na safe. Ya fasa tudun, ya kafa mata ƙarfen riƙewa a bango. Ya sayo zare kala-kala ya ajiye wurin mai kantin da ke layinsu, wannan gefen titi, ya yi masa bayani. Daga ranar, in ƙararrawa ta buga da hantsi ba a mayar da ita ɗaki. Wanda yake kusa sai ya sa takalmi ya raka ta, ta zaɓi zarenta, ta kushe kala biyu, su dawo.

A shago ya ƙara abu ɗaya a karatun da yake ba baƙi. In ya gama bayanin haske da kyanwa, sai ya tambaya ko akwai tsoho a gidan, kuma yaushe rabon mai gida da ya tsaya kusa da shi. Wasu suna ganin tambayar ba ta shafi aikin ba. Ba ya yi musu bayani.

Tun daga lokacin ya sake sauke idon sau biyu, duk a gaban Yaya, da tef ɗin nan. Mai Ido mutum ne da ba ya barin rami a bangon kowa, sai ya cike da siminti ya shafa fenti, amma na barandarsu ya bar su. Suna nan a jere daga sakata zuwa ƙasa. Matarsa ta taɓa cewa bari ta kira mai fenti, ya ce a bar su, yana son ya riƙa gani.

Yanzu ba ya karɓar aikin safe, sai bayan azahar yake buɗe shago. Da hantsi za ka same shi a tsakar gida da kofinsa, yana lura da rana tana matsowa gindin sandar shanya. Akwai ranakun da take kaiwa ta wuce ba a ji komai ba, don ƙafafun sun ƙi, kuma a irin ranakun shayin yakan huce a hannunsa. Jiya ma haka aka yi, shekaranjiya ma. Yau rana ta kai, ta ɗan gota, har ya fara tattara kofi zai leƙa ɗakin. Sai labule ya motsa. Ya koma ya zauna, bai taimaka mata ba, ya bar ta ta bi ƙarfen bango da kanta har baranda. Ƙararrawa ta buga a kicin.

"Auta," in ji ta, ba ta ko waiwayo ba, "za ka raka ni, ko zama za ka yi?"

Ya ajiye kofin, ya jawo takalmansa.